Akuyar Mama da Tulun da Muke Jira

Ku yi haƙuri da ni yau, masu karatu, a gajiye nake. Hannuna ma warin man shafa ciwo yake yi, na wanke sau uku bai fita ba. Wata a cikinku ta rubuto min cewa taurin kai ke damuna, wai ga miji har gida na tsaya ina ja da shi a kan akuya. Na gode, 'yar'uwa. Gyara zama ki ji ta inda akuyar ta shigo maganar.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: ni ce auta a gidanmu, likitar dabbobi ce, shekarata biyu da gama jami'a, ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi da ke bayan tashar mota. Tun rasuwar Mama shekara uku da suka wuce, mu biyu muka rage a gida, ni da Baba. Shi dai Baba cewa zai yi mu uku ne, domin akwai Sufeto.

Sufeto akuyar Mama ce. Ja ce mai farin goshi, kunnenta na hagu a tsage. Ina aji shida na firamare Mama ta shigo da ita a rungume cikin tsohon tawul. Sunan kuwa aikinta ne ya ba ta. Babu ɗakin da ba ta shiga bincike: ta ture ƙofa da ka, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta shinshina tukunya, ta fice ba ta gaisa da kowa ba. Ta ci min littafin lissafi. Ta ci rabin takardar da aka ba Baba ranar da ya yi ritaya daga gidan waya. Ranar da aka fitar da Mama, a ƙofar ɗakinta ta tsaya, kwana biyu ba ta taɓa abinci ba. Daga nan Baba ya mayar da kujerarsa ta roba bakin turke. A can yake shan shayin safe, yana maimaita mata abin da rediyo ta faɗa, har yana tambayarta ko ta ji irin wannan ƙarya.

Yanzu shekararta goma sha biyar. A wurin awaki wannan tsufa ne tuƙuf. Haƙora sun ƙare, gwiwoyin gaba sun kumbura, ga wani ƙari a hantsarta da ya fashe wata biyu da suka wuce. Ba ya warkewa, kuma ba zai warke ba. Kullum kafin in fita aiki sai na wanke shi da ruwan ɗumi, in shafa magani, in yi mata allurar rage zafi, in juya ta ɗaya gefen kada kwanciya ta cinye mata fata. Da akuyar wani ce aka kawo min asibiti, da tuni na ce ya kira mahauci kafin ta zama mushe a ja ta bola. Na faɗa wa mutane haka ya fi sau ɗari, ina kallon tsakiyar idonsu, har ina yi musu faɗan sun bar dabba tana wahala. A gidanmu ne bakina ya mutu.

Dalilin yana can baya, a shekarata ta huɗu a jami'a.

Ɗakinmu na mutum huɗu ne, mu tara muke kwana a ciki. Risho a ɓoye a ƙarƙashin gado, kowane bokiti da sunan mai shi da jan fenti, igiyar shanya ta raba ɗakin biyu. Layin ruwa kuwa a nan aka ƙulla abota, a nan aka warware ta. Abin da ya riƙe ni a wancan lokacin shi ne ƙungiyar muhawara. Duk Alhamis da yamma muna haɗuwa a wani ɗakin lacca mai fanka ɗaya, ita ma kuka kawai take yi, ba iska.

Malamin da ke kula da mu yana da doka guda: ba ka zaɓar ɓangaren da za ka kare. Zai rubuta "goyon baya" a takarda ɗaya, "adawa" a ɗaya, ya dunƙule, ya cire hularsa ya zuba a ciki, ka sa hannu ka ɗauka. Abin da ka ɗauka shi ne ra'ayinka har a tashi. Cewa yake wanda bai iya kare abin da ya ƙi ba, bai san abin da yake so ba. A lokacin maganar tana burge ni.

Da muka kai zagayen ƙarshe na gasar tsangayoyi, sai aka ba mu batu: yin kwafin dabba alheri ne ga ɗan'adam. Ga wanda bai san abin ba, ga shi a sauƙaƙe. A ɗauki ƙwayar halitta daga fatar wata dabba, a dasa a cikin ƙwan wata da aka cire masa nasa gadon, a saka a mahaifar ta uku, ita ta ɗauki cikin. In an yi sa'a ta haifo mai kama da ta farko. In an yi sa'a fa na ce. Mu da muka karanta abin mun san kafin a samu guda, iyaye mata da yawa za a yi wa aiki, ciki da yawa zai zube, wasu 'ya'yan a haife su da nakasa su mutu cikin kwanaki. Na tsani abin tun daga aji. Mako biyu ina shirin yi masa kaca-kaca.

Ana gobe gasa na sa hannu a hular Malam. Goyon baya.

Ƙawata ta gadon sama ta leƙo da kanta ta ce, "Ki yi ciwon ciki mana. Kowa yana yi."

Na ce, "Kofin gasar fa?"

Ta ce, "To ki yi ƙarya mai kyau. Ga kwat ɗina, kada ki zuba mata mai."

Haka na hau mumbari da baƙar kwat ta aro a kan doguwar riga shuɗiya, hannun kwat ɗin ya rufe min yatsu. Abokin karawata wani dogon ɗalibin kimiyyar halittu ne da ake kira Ataƙaice, domin duk maganar da ya buɗe da "a taƙaice" sai ta ci minti ashirin. Ya zo da fayil ƙato. Duk hujjar da ya kawo gaskiya ce, ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda na yi mako biyu ina tarawa. Ya kuma sa rabin zauren barci.

Ni kuwa ban kawo lamba ko ɗaya ba. Labari na kawo. Na ce a gidanmu akwai wata akuya ja mai tsagaggen kunne, mahaifiyata tana sonta kamar 'yar da ta haifa. Na ce ran da akuyar nan ta mutu, in ilimi zai iya dawo wa mahaifiyata da ita, wane ne a zauren nan zai tashi ya ce kada a dawo mata da ita? Na yi shiru na bar tambayar tana yawo. Ina sane na zaɓi kalmar "dawo". Na san ba dawowa ake yi ba. Kama da wane ba wane ba ne. Amma zauren ya miƙe tsaye, alƙalai suna gyaɗa kai, aka ba ni kofi.

Ku bar ni in faɗi abin da ke cina. Mutum ɗari uku ne a zauren nan, malamai da ɗalibai, duk masu ilimi, babu ɗaya da ya tare ni a ƙofa ya ce, "Abin da kika faɗa gaskiya ne?" An koya mana yadda ake cin nasara, ba a taɓa ware ko Alhamis ɗaya a tambaye mu me muka yarda da shi ba. Haka muke har yau. Wanda ya iya murya shi ke da gaskiya, sauran jama'a su tafa, su tura wa 'yan'uwa a waya, kowa ya koma ya kwanta.

Mutum ɗaya ne ya tare ni, shi ne Ataƙaice, fayil a hammata. Ya ce, "Kin canza min ra'ayi."

Na ɗauka irin ladabin wanda aka kayar ne. Ashe da gaske yake. Ya juya bincikensa gaba ɗaya zuwa wannan fannin, ya yi digiri na biyu a kai, yanzu yana aiki a wata cibiyar bincike. Wani abokinsa ya ɗauki jawabina a waya, shi kuma ya adana shi shekara huɗu, yana canza waya yana kwashe shi zuwa sabuwa.

Wata biyar da suka wuce ya shigo asibitinmu da kyanwar ƙanwarsa, wadda babu abin da ke damunta sai ƙiba. Daga nan ya fara zuwa gida duk Asabar bayan la'asar. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, domin ya samu wanda zai yi musu da shi a kan labaran rediyo, mai amsawa ba kamar Sufeto ba. Wata Asabar ya bi Baba bakin turke, ya tsaya yana kallon tsagaggen kunnen, ya ce, "Ita ce?" Kafin in fito da shayi ya riga ya kunna wa Baba bidiyon jawabin nan nawa.

Sau uku Baba ya kalla. Duk inda na ce "mahaifiyata" sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga. A ranar Ataƙaice ya yi masa alkawari. Ya ce yana da aboki a wata ƙasa da ɗakin bincikensu ke aiki a kan awaki. Ɗan guntun fata kawai ake so daga kunne, amma sai dabbar tana raye za a yanko shi, a saka a wani tulu na musamman mai tsananin sanyi, wanda abokin zai aiko. Mako biyu, in ji shi.

Yau mako bakwai ke nan. Sufeto tana raye ne don tulu.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta tura bidiyon zauren danginmu na waya. Daga nan na daina hutawa. Yayata da ke aure a wani gari ta rubuto: "Auta, wannan ai haɗin Allah ne. Kanku ɗaya, aikinku ɗaya. Me kike jira?" Wani ɗan kawuna da bai taɓa gaishe ni ba ya turo hoton tafi guda shida. Gwaggo kuwa muryarta take turowa, minti huɗu huɗu, duk take guda ne: yaron da zai dawo wa ubanki da akuyar uwarki, shi kike ja wa aji?

Za ku tambaye ni ko ina son sa. Ban saba yi muku ƙarya ba. Mutum ne mai jera takalminsa a bakin ƙofa, mai sauraron Baba har ya gama ko da labarin ya ji shi sau biyar. Tun zuwansa na biyu ya lura ba na shan sukari. Ranar Juma'a da yamma nakan tsinci kaina ina guge mayafin da ban yi niyyar sawa ba. Amma Gwana yake kirana, kuma in ya kalle ni sai in ga kamar yarinyar nan mai kwat ɗin aro yake jira ta fito ta yi masa jawabi.

Jiya Asabar, da na je wanke ciwon da safe, na tarar Sufeto tana niƙa dasashi. Duk wanda ya yi kiwo ya san wannan sautin, zafi ne ya kai inda ya kai. Na ƙara allurar har iyakar da jikinta zai ɗauka. Ta ɗora haɓarta a kan takalmina na roba, ba ta ko ɗaga ido ba.

Baba yana kan kujerarsa da kofin shayi. Ya ce, "Likita, yau kamar ta fi jiya, ko?"

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

Kun ji ni ko? Mai faɗa da mutane a asibiti.

Wajen azahar Gwaggo ta iso da leda a hannu, tana fifita da gefen mayafi. Tun daga tsakar gida take magana.

"Ina mai warin awakin? Fito ki gwada wannan."

Doguwar riga ce ruwan zuma, an yi mata aiki da zare mai ƙyalli a wuya da bakin hannu, da mayafi mahaɗinta.

Na ce, "Gwaggo, biki ake yi?"

"Bikin ƙaniyarki. Mutum yana zuwa wata biyar kina fito masa kamar mai zuwa allurar shanu. Yau za a yi maganar ranar da manyansa za su zo, na gaya wa Yaya."

"Ni ba a gaya min ba."

"Ga shi ina gaya miki. Ke kam karatun nan bai bar miki komai ba sai musu. Mu a lokacinmu in aka ga alheri a ƙofa buɗewa ake yi, ba a tambayarsa takardar shaida."

"Shi ya sa ɓarayi suka ji daɗinku."

Ta kai min duka da ledar, tana dariya ba ta so. "Maras kunya. Je ki yi wanka, ki sa turare sosai, wannan warin ko sabulu tsoronsa yake ji."

Na sa rigar, don ba ni da ƙarfin faɗa biyu a rana ɗaya.

Bayan la'asar Ataƙaice ya yi sallama. Farar riga mai dogon hannu, wando ruwan toka, ledar lemo a hannu. Muka zauna a falo: Baba a kujerarsa ta kusa da taga, Gwaggo ta baje a doguwar kujera mai lulluɓin da Mama ta saƙa, ni a kan dardumar gefen ƙofa da tiren shayi. Kofin muhawarar yana saman kabad. Baba ne ya fito da shi daga kwali kwanan nan, har ya goge shi.

Bayan gaisuwa Baba bai iya jira ba. "Ɗana, ina labarin tulun?"

Ataƙaice ya ajiye kofin shayinsa, ya gyara shi a kan faranti, ya sake gyarawa. "A taƙaice, Baba, an samu ɗan tsaiko wajen takardun shigo da shi. Amma nan da kwana goma, in Allah ya yarda."

"Kwana goma ba yawa," in ji Gwaggo. "Wanda ya jira mako bakwai. Allah dai ya yi maka albarka. Yaya, ka ga ran da za ta sake shigo maka ɗaki tana ture ƙofa, sai mun ɓoye takardu."

Baba ya yi murmushi yana kallon ƙasa. "Ina tunanin ko za ta gane ni."

Wannan maganar ce ta karya ni. Ba tsawa na yi ba, ba ni da ƙarfinta. Ajiye butar shayin kawai na yi.

"Ba za ta gane ka ba, Baba."

Baba ya ɗago kai. Na ci gaba.

"Ko da komai ya tafi daidai, wata 'yar akuya ce za a haifa mai kalarta. Ba ta san Mama ba. Ba ta san kujerarka ba. Kunnenta ma ba zai zo a tsage ba, don shinge ne ya tsaga na Sufeto. Kuma kafin a same ta, awaki da yawa za a kwantar a yi musu aiki, waɗanda su ma suna jin zafi kamar ta bayan gidanmu."

Gwaggo ta ce, "Ke, ba ke ce a waya kike cewa..."

"Ƙuri'a na ɗauka, Gwaggo. Takarda ce a cikin hular malami. Da ɗayar na ɗauka, da kishiyar wannan maganar kuke turawa dangi, kuna tafa min haka nan." Na juya wajen Ataƙaice. "Kai kana wurin. Hannunka ya shiga hular bayan nawa."

Ya ce a hankali, "Na sani. Amma yadda kika faɗe shi, Gwana, babu mai faɗin abu haka bai yarda da shi ba."

"Akwai. Ga ta a zaune. Duk abin da ke cikin fayil ɗinka ranar gaskiya ne, kai ka jefar da shi don an tafa min. Shekara huɗu kana bin maganar da ni mai ita ban yarda da ita ba ko na minti ɗaya."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yau na ga baki mai yanka wuya. Ɗana, kada ka biye mata, gajiya ce. Tun tana ƙarama in ta ji yunwa haka take."

Baba ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya zura silifas, ya fita ta ƙofar baya. Na bi shi da rigata ruwan zuma tana jan ƙasa. A bayana na ji Ataƙaice yana yi wa Gwaggo sallama da wata murya da ban san shi da ita ba, sai ƙarar ƙofar gida.

Baba ya tsuguna a gaban Sufeto, abin da gwiwarsa ta daɗe da hana shi. Ya ɗaga tsumman da nake rufe ciwon da shi saboda ƙuda. Bai taɓa ɗagawa ba. Ni ma ban taɓa bari ya gani ba, kullum sai na juya masa baya nake wankewa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da tsumman a hankali.

"Tana jin zafi yanzu?"

"Tana ji, Baba."

"Wannan abin da take yi da baki, shi ne?"

"Shi ne."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Allurar tana ragewa, ba ta ɗaukewa."

Ya ɗago ya kalle ni. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. "Kullum da safe ina tambayarki, kina ce min da sauƙi."

Ni da nake zagin zauren mutum ɗari uku don ba su yi tambaya ba, ga wanda ya yi tambayar sau sittin, ni na rufe masa baki da kalma biyu.

Ya ce, "Ni ma'aikacin gidan waya ne, Likita. Shekara talatin ina miƙa wa mutane wasiƙa, wata ta haihuwa, wata ta mutuwa. Ban taɓa riƙe ta mutuwar a aljihu don ina tausayin mai ita ba."

"Ka yafe min, Baba."

Ya shafa farin goshin da bayan yatsunsa. Ta ɗan motsa kunne. Can ya ce, kamar da ita yake magana, "Na san ba ita za ta dawo ba. Ban tsufa haka ba. Amma ko jininta ne a tsakar gidan nan, wani abu ne da uwarku ta riƙe da hannunta." Ya ja numfashi. "Za ta kai kwana goma?"

"Za ta iya kaiwa. Amma a haka za ta kai."

Ya kama bango ya miƙe da ƙyar, ya zauna a kujerar roba. "To tambayi yaron nan mai tulu. Ki ce ni na ce ya faɗa min tsakaninsa da Allah. In kwana goman gaskiya ne, zan roƙe ta ta yi min haƙuri. In kuwa akwai wani goman a bayansa, gobe da safe a kira mahauci, ina tsaye."

Na ciro wayar daga aljihun rigar, na rubuta kamar yadda ya faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Alamar ya karanta ta fito nan take. Sai ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Gwaggo tana falo tana waya da yayata, ina jin tana cewa yarinyar nan ta zubar da miyar da aka gama. Ƙuda ɗaya yana ta zagaya tsumman.

Saƙon ya shigo. Wannan karon babu "a taƙaice".

"Babu tulu. Abokin nawa ya ce ba za su karɓa ba, tun mako biyar da suka wuce. Na zo in faɗa wa Baba a Asabar ɗin, na same shi ya goge kofinki ya ajiye a kan kabad, na kasa. Daga baya kuma na ji tsoron in babu tulun, babu abin da zai sa a ci gaba da buɗe min ƙofar gidanku. Ban san ciwon ya kai haka ba, ke ma da sauƙi kike ce min. Don Allah kada ki faɗa masa. Ki bar ni zuwa Asabar mai zuwa in faɗa da bakina, kada ya ji a waya ya tsane ni."

Na karanta sau biyu. Asabar mai zuwa kwana bakwai ne. Allura bakwai, juyi bakwai. Abin da ya fi ba ni haushi, masu karatu, a daidai lokacin da ya kamata in tsane shi, a lokacin na fara jin tausayinsa, don shi kaɗai ne a duniya ya yi irin laifina, kuma saboda tsoho ɗaya muka yi shi.

"Ya amsa?" in ji Baba.

"Ya amsa."

Ya lalubi aljihun rigarsa. "Na bar tabarau a falo. Karanta min."

Sufeto ta sake niƙa dasashi. Na gyara murya, na fara daga layin farko. Da na ce "babu tulu" Baba ya rufe ido, bai buɗe ba. Ina tsakiyar layi na uku muka ji sallama a ƙofar gida, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a amsa. Muryar Ataƙaice ce. Ashe bai bar bakin layinmu ba.

Na tsaya. Baba ya amsa sallamar da ƙarfi, ya ce a zagayo ta baya. Sannan ya nuna wayar da haɓarsa.

"Ci gaba, Likita. Ki ɗaga murya, shi ma ya ji."